Shugaban Ktunaxa, wa yake tsoro: Otawa ko mutanensa?

A ƙarshen 2012 gwamnatin lardin Birtish Kolombiya a Kanada ta ƙirƙiri wata ƙaramar hukuma a wani kwari da ake ce wa Jumbo, can cikin duwatsun Purcell. Aka naɗa mata magajin gari da kansiloli biyu, ana ware mata kuɗi duk shekara, amma wallahi ko mutum ɗaya babu da yake zaune a wurin, ba unguwa ba kasuwa ba mai jefa ƙuri'a, daga dusar ƙanƙara sai itatuwa sai namun daji. Kantoma ne dai irin wanda muka sani a ƙananan hukumominmu, sai dai shi wannan ko jama'ar da zai yi wa kantomancin babu. Dalilin yin hakan kuwa shi ne a share wa wani kamfani hanya ya gina ƙaton wurin shaƙatawa na masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, da otal-otal da gidaje. Su kuma mutanen da suke kiran wurin nan Qat'muk tun kaka da kakanni, wato Ktunaxa, waɗanda suke da zaɓaɓɓun shugabanni na gaske da jama'a ta gaske a bayansu, sun riga sun ce basu yarda ba, har takanas suka je majalisar lardin a Victoria cikin Nuwamba 2010 suka miƙa sanarwarsu a rubuce. Abin nan yana ci min rai sosai, domin ƙasar da ta shafe sama da shekara ɗari tana koya wa mutanen nan wai yadda ake zaɓe, ita ce ta fifita naɗaɗɗen da bashi da kowa a kan zaɓaɓɓun da suke da jama'a.

Ga wanda bai san su ba, Ktunaxa (ana furta shi kusan kamar Katunaha, wasu kuma suna ce musu Kootenai) 'yan asalin ƙasa ne da suke zaune a kudu maso gabashin Birtish Kolombiya da sassan Montana da Aidaho a Amurka, ƙasarsu ta gado a ɓangaren Kanada kawai ta kai wajen murabba'in kilomita 70,000. Harshensu masana basu samo masa ɗan'uwa ba a duk duniya, kuma masu jin sa sosai yanzu tsofaffi ne 'yan ƙalilan. Garuruwansu huɗu ne a Kanada, Aqam kusa da Cranbrook, Akisqnuk wajen Windermere, Yaqan Nukiy a Creston, sai na Tobacco Plains dab da iyaka. Biyu kuma suna Amurka, ɗaya a Bonners Ferry ta Aidaho, ɗaya a Elmo ta Montana inda suke gwamnati ɗaya da Salish da Qlispe. Kowane gari mutanensa ɗaruruwa ne ba dubbai ba.

Ra'ayina a kan shugabancinsu shi ne, akwatin zaɓe ya zo musu ne a matsayin linzami, ba a kawo shi don a basu 'yanci ba, amma duk da haka ni bana goyon bayan masu cewa a watsar da shi tunda na Bature ne. Abin da zai sa zaɓen ya zama nasu shi ne wanda aka zaɓa ya san idan ya karkace mutanensa ne zasu tuhume shi, a gida, da dokar da su suka rubuta. Kuma a nan ne nake ganin har yanzu da sauran aiki.

Kafin Turawa su zo ba wai zaman kara zube suke yi ba. Kowace ƙungiya tana da babban shugabanta, nasukin, amma ba shi ne komai da komai ba. Mutanen ƙasa-ƙasa na bakin kogi da tafki, masu kwale-kwalen nan mai tsinin baki, suna da shugaban kamun kifi daban, na farautar barewa daban, na kamun agwagwar ruwa daban, su kuma na sama masu tsallaka duwatsun Rocky su je farautar ɓauna suna da jagoran tafiya wanda ya san hanya da lokaci. Kaga mutum yana samun girma ne da abin da ya iya, idan lokacin kifi ya wuce maganar ta koma hannun wani. Wannan tsarin yana burge ni ƙwarai, domin ya hana mutum ɗaya tattare komai a hannunsa ba tare da an rubuta wani kundin tsarin mulki ba.

Sai ka duba abin da ya faru da wani shugabansu mai suna Isadore a 1887. An kama wani mutumin Ktunaxa mai suna Kapula bisa zargin kisan wasu masu haƙar zinare biyu da aka kashe tun 1884, aka kulle shi a Wild Horse Creek, Isadore ya ga babu wata hujja sai ya tafi da mutanensa wajen 25 suka fito da shi daga kurkukun. Gwamnati ta turo Sam Steele da 'yan sandan doki 75, suka kafa sansanin da ya zama Fort Steele. Isadore ya miƙa Kapula, Steele ya bincika ya ga lallai babu hujja ya sallame shi. To ai gaskiyar Isadore ta fito kenan. Amma me ya biyo baya? Makiyayar da ake kira Joseph's Prairie, inda yake kiwon dabbobinsa, sai da ya bar wa Kanar James Baker wanda ɗan majalisar lardi ne, kuma a kan filin nan ne garin Cranbrook yake zaune yau. Shugaba ya yi gaskiya a shari'a ya rasa ƙasa a siyasa, kuma ina ganin darasin da Otawa, wato gwamnatin tarayyar Kanada, ta ɗauka daga irin su Isadore shi ne shugaban da ƙarfinsa daga mutanensa yake fitowa yana da wuyar juyawa.

Dokar Indiyawa ta 1876 maganin wannan ta zo yi. Ta yanyanka al'umma ɗaya zuwa ƙananan ƙungiyoyi kowacce a ɗan filin da aka keɓe mata, ta ba gwamnati ikon ƙaƙaba zaɓe irin nata, ta kuma ba ta ikon tsige shugaba idan ta ce bashi da gaskiya ko mashayi ne ko bashi da ɗa'a ko bai iya aiki ba, kuma wa yake yanke wannan hukuncin, ai rahoton jami'in gwamnati ne da yake zaune a kansu. Mata basu da ƙuri'a a zaɓen garinsu sai 1951. Macen da ta auri wanda ba ɗan asalin ƙasa ba an goge sunanta daga rajista ita da 'ya'yanta, haka aka yi ta yi har 1985. Daga 1927 zuwa 1951 laifi ne ma su tara kuɗi su ɗauki lauya a kan maganar ƙasarsu ba tare da izinin gwamnati ba. Wanda ya bar garin ya tafi birni neman abinci kuwa bashi da ƙuri'a a ƙarƙashin dokar har sai da kotun ƙoli ta soke wannan a shari'ar Corbiere ta 1999. Wa'adin mulki a dokar kuma shekara biyu ne kacal tun 1951, mutum kafin ya gama karanta takardun da ya tarar an fara kamfen ɗin gaba. Rikicin Jumbo kaɗai daga 1991 ya fara bai ƙare ba sai 2020, ka lissafa zaɓe nawa kenan idan shekara bibbiyu ake yi, shi kuwa kamfani da lauyoyinsa suna nan daram basa canzawa.

Don haka na fahimci masu jin haushin akwatin, wallahi na fahimce su. Amma idan aka ce a koma gado zalla, tambayata ita ce su waye zasu koma baya? Domin idan ka duba tarihin Ktunaxa na shekara hamsin ɗin nan mata ne a gaba-gaba, kuma ta ƙofar zaɓe suka shigo.

Ɗauki Amy Trice, shugabar mutanen Bonners Ferry a Aidaho a wancan lokacin. A 1974 mutanenta saura 67 kawai, basu da ko taƙi ɗaya na ƙasa da gwamnati ta amince nasu ne saboda basu sa hannu a yarjejeniyar Hellgate ta 1855 ba, gidajensu sun lalace har wani dattijo sanyi ya kashe shi a cikin ɗakinsa. Ta rubuta wa hukuma an yi banza da ita. Ranar 20 ga Satumba 1974 ita da majalisarta suka ayyana yaƙi a kan Amurka, mutum 67 fa, kuma ba bindiga suka ɗauka ba, kwalaye suka rubuta suka tsaya a bakin babbar hanyar da ta ratsa Bonners Ferry suna karɓar santi goma daga masu wucewa a matsayin kuɗin ratsa ƙasarsu. 'Yan sanda suka cika garin, 'yan jarida suka cika garin, ba a zubar da jinin kowa ba, kuma kafin shekarar ta ƙare an basu eka goma sha biyu da rabi, daga baya gidaje da asibiti suka biyo. Eka goma sha biyu da rabi ba wani abu bane idan ka tuna abin da aka ƙwace, amma daga nan ne suka tashi, yau su ne suke da wurin ƙyanƙyasar wani kifi na kogin Kootenai da ya kusa ƙarewa bayan an gina dam ɗin Libby.

Sai Sophie Pierre, wadda ta yi shekara 26 tana shugabancin Aqam. Ita kanta tana ƙarama an kai ta makarantar kwana ta mishan ta St. Eugene, wadda babban gininta ya yi aiki daga 1912 zuwa 1970, inda ake raba yara da iyayensu ana hana su harshensu. Bayan an rufe makarantar wasu sun so a rushe ginin kowa ya huta, kuma wa zai ga laifinsu. Wata dattijuwa Mary Paul ce ta ce tunda a cikin ginin nan aka ƙwace musu al'adarsu to a cikinsa ya kamata a dawo da ita. Shugabannin suka ɗauki maganar tsohuwa suka yi shekaru suna zagaya garuruwa suna lallashin mutane, har aka mayar da wurin otal da filin golf da cibiyar tarihi a farkon shekarun 2000. Akwai gidan caca a ciki, ni dai caca bata kwanta min ba kuma bazan ɓoye ba, amma yadda aka yanke shawarar shi ne abin dubawa, magana ta fito daga bakin dattijuwa, zaɓaɓɓu suka ɗauke ta suka kai wa jama'a, jama'a suka amince sannan aka taɓa ginin. Ita Sophie Pierre daga baya ta shugabanci hukumar yarjejeniyoyi tsakanin gwamnati da 'yan asalin ƙasa ta lardin gaba ɗaya daga 2009 zuwa 2015.

Amma kar wani ya ɗauka duk zaɓaɓɓe waliyyi ne. Akwai shari'ar da nake so duk mai sha'awar maganar nan ya sani. A 2009 hukumar yankin ta biya garin Yaqan Nukiy dala 125,000 na Kanada a matsayin diyyar amfani da wata hanya da ta ratsa filinsu. Shugaba da kansiloli, su biyar, suka shiga ganawar sirri suka yanke wa kansu dala 5,000 kowanne, wai alawus ne na wahalar da suka sha a baya. Ba a sanar da jama'a ba. Da maganar ta fito wani ɗan garin ya kai ƙara, kotun farko ta kore shi, bai haƙura ba ya ɗaukaka ƙara, a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta ce amana ce a hannunsu, kuma mai riƙon amana baya yanka wa kansa daga ciki sai da sani da yardar masu abin, don haka kowa ya dawo da abin da ya ɗauka. Ni na yarda mutanen nan sun yi aiki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kansila a irin waɗannan garuruwan shi ne mai jin koken gidan da yake yoyo da yaron da ya bar makaranta da rigimar fili, kuma da sun fito fili sun ce jama'a ga wahalarmu ku duba mu, mai yiwuwa da an basu. Rufe ƙofar ne laifin. Kuma ka yi tunanin nauyin da mai ƙarar nan ya ɗauka a gari na mutum ɗaruruwa inda kusan kowa ɗan'uwan kowa ne, wanda ka kai kotu gobe da shi zaku haɗu a wajen jana'iza, shekara da shekaru ana kallonka a matsayin mai tona asirin gida.

Abin da ya fi damuna a shari'ar shi ne inda aka je aka samo gaskiyar. Sai da aka fita daga gida aka je gaban alƙalan Kanada, wato tsarin da ya yanyanka su tun farko shi ne kuma ya zama wurin kai kuka. Hukuncin daidai ne, amma muddin ɗan Ktunaxa bashi da inda zai kai ƙarar shugabansa sai kotun lardi ko ofishin minista, to igiyar tana hannun wasu har yanzu, kuma duk wanda bashi da kuɗin lauya ko ƙarfin halin jure shekaru sai dai ya haɗiye. Ni a ganina abin da ya fi komai muhimmanci su gina shi ne wani zaure nasu na sauraron ƙara, da dattawa da masu ilimin doka daga garuruwan huɗu, ta yadda idan rigima ta tashi a Creston mutanen Windermere da Tobacco Plains da basu da hannu a ciki su zauna a kai. Da kuma doka mai sauƙi cewa duk kuɗin da shugaba zai karɓa a karanta shi a taron gari. Wannan ya fi min duk wani dogon jawabi a kan 'yancin kai.

Sun fara kama hanyar ta wasu ɓangarori. Dokar Kanada ta yarda gari ya rubuta tasa dokar zaɓen, kuma Aqam ta yi hakan, wa'adin shekara huɗu ne kuma ba a sauke kowa da kowa a lokaci ɗaya, kullum akwai wanda ya san inda aka kwana. Can Montana ma majalisarsu ta mutum goma haka take, kuma su ne suka karɓe dam ɗin Kerr a 2015 suka canza masa suna. Sannan garuruwan huɗu na Kanada sun haɗu a majalisar al'umma ɗaya mai hedikwata a Cranbrook, wadda Kathryn Teneese ta daɗe tana jagoranta, an raba aikin gida-gida, ƙasa da albarkatunta, tattalin arziki, jin daɗin jama'a, ilimi da aikin yi, sai harshe da ilimin gargajiya, kuma zaɓaɓɓun garuruwa ne suke zama a kai. Idan ka lura wannan ya ɗan yi kama da tsohon tsarin nan na shugaban kifi daban na farauta daban. Sai dai haɗin yana da rauninsa, kansila ƙuri'arsa a garinsu take, idan kamfani ya zo da tayin da zai amfani gari ɗaya ya cuci sauran, wa zai bi, masu zaɓensa ko al'umma? Kamfanoni da gwamnati sun san wannan ɓarakar sarai, kuma dokar 1876 ce ta haƙa ta.

Maganar Qat'muk ta gwada su ta wani gefen. Shekaru ana tattaunawa a kan gyare-gyare da diyya, sai a 2009 wani dattijo mai ilimin gargajiya, Chris Luke, ya bayyana wa shugabanni cewa wurin nan mazaunin ruhin beyar ne a aƙidarsu, ƙatuwar dabbar dajin nan, kuma duk wani gini na dindindin zai kore shi, babu kuɗin da zai gyara. Zaɓaɓɓun suna iya cewa baba ka makara mun yi nisa, ga ayyukan yi ga kuɗi a kan tebur. Basu ce ba, suka tsaya a kan maganarsa har kotun ƙoli, kuma a Nuwamba 2017 suka sha kaye, mafi rinjayen alƙalai suka ce 'yancin addini yana kare imanin mutum da ibadarsa ne, baya kare abin da aka yi imani da shi. Alƙalai biyu sun ce a'a an taɓa musu addini, amma su ma basu hana aikin ba. Ni ba aƙidarsu nake bi ba, amma hukuncin nan bai yi min ba ko kaɗan, domin mutumin da ibadarsa take ɗaure da wani wuri idan ka lalata wurin me ka bar masa? Duk da kayen basu watse ba, takardar izinin muhalli ta kamfanin ta riga ta mutu tun 2015 saboda bai fara aikin kirki ba, suka ci gaba da matsawa har a Janairu 2020 aka sanar an sayi haƙƙin kamfanin an soke aikin har abada, gwamnatin tarayya ta sa sama da dala miliyan 16, za a mayar da wurin yankin kariya a ƙarƙashin jagorancin Ktunaxa.

Yanzu babbar jarrabawar tana kwarin Elk, inda ma'adinan kwal suke zubar da sinadarin seleniyam cikin kogi, ruwan ya gangara tafkin Koocanusa ya tsallaka Montana da Aidaho ya sake dawowa Kanada ta wajen Creston, wato ya bi ta ƙofar wasu garuruwan Ktunaxa. An ci kamfanin Teck, mai ma'adinan a lokacin, tarar dala miliyan 60 a 2021, kuma a 2024 kamfanin Glencore ya sayi kaso mafi tsoka na ma'adinan. Fiye da shekara goma gwamnatocin Ktunaxa shida na ɓangarorin iyaka biyu suna neman a kai maganar gaban hukumar haɗin gwiwa ta ruwan iyaka tsakanin Kanada da Amurka, Otawa tana jan ƙafa, sai a Maris 2024 aka amince, kuma da su a teburin. Shida ɗin nan da murya ɗaya suka yi magana shi ya sa aka ji su. Amma kwal ɗin nan kuma shi ne aikin yi a yankin, akwai kuɗin da yake shigowa ta yarjejeniyoyi, akwai kamfanonin da suke son buɗe sababbin ramuka suna bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya da takarda a hannu. Duk shugaban da zai sa hannu a irin wannan takardar, ina so a ce mutanen garinsu sun ga abin da ke ciki kafin ya sa, na gida da na birni, kuma mutanen Bonners Ferry da ruwan yake isko su a ƙasa an tambaye su.